Aikatau a Ƙarshen Layi

A Gadarif, bayan shagon Siddiƙ mai gyaran fanka,
na jingina allo da buhun riɗi.
Ɗalibaina bakwai ne, shida in Ikhlas na aiki a asibiti.
Duk Jamus suke hari, aikin jinya,
ni kuma da na baro takarduna a wani ɗaki a Bahri
ƙarƙashin rufin da ban san ko yana nan ba,
nake sayar musu da nahawu,
awa guda a kuɗin kwanon ful biyu.

Yau darasin ganga ne.
Ba wadda ake kaɗawa ba, Mu'awiya, daina dukan benci.
Gangar jimla nake nufi, mai dogaro,
wadda ba ta tsayuwa da ƙafarta sai an goya ta.
Ka ce "na san", ka ja bakinka ka tsuke,
kowa zai zubo maka ido: ka san me?
Abin da zai biyo baya shi ne cikamaki,
murfin da aka ƙera wa bakin wannan tukunya.

Mu muna buɗe ƙofar da cewa.
Mai Ingilishi yana da that, amma ɗan gaggawa ne,
in ya ga dama ya wuce ta
yadda direban Kassala ke wuce tasha in mota ta cika.
I know he is coming.
Ka ji zuwan kafin ka ajiye kofin shayi.

Bajamushe fa, da zarar ya ce dass,
sai ya ja aikatau ta hannu ya kai shi ƙarshen layi,
bayan wane, bayan yaushe, bayan a me, bayan ina,
kamar mu da asuba a ƙofar gidan burodi.
Ich weiß, dass er morgen mit dem Bus nach Hause kommt.
Na san cewa shi, gobe, a mota, zuwa gida,
haƙuri dai, haƙuri,
kommt. Yana tafe.
Kada ku katse shi a tsaka.
Wani lokacin dab da aikatau
ake dasa nicht, ƙaramar kalma kamar ƙaya,
zuwan duka ya koma rashin zuwa.

Nan Ikhlas ta shigo, a makare,
warin maganin wanke ciwo bai bar mayafinta ba.
Ta saurara, ba ta buɗe littafi ba.
Ta ce, Ustaz, ji wannan.
Ta ɗora waya a kan buhu, gilashin duk ya tsage.
Muryar ƙanenta Mujtaba ce, daga Umdurman,
wata huɗu ke nan, daƙiƙa tara:
"Ki gaya wa Inna cewa ni da su Abbakar,
ranar Talata, ta hanyar Madani, in Allah ya so,"
sai ƙara, sai shiru.

Ta ce, Hausa ya yi, amma dubi inda ya bar aikatau.
Wanne ne, Ustaz? Kai ka san nahawu.

Fankar da Siddiƙ ke gwadawa ta juya sau uku ta tsaya.
Allin ya jiƙe a hannuna.
Shekara goma sha ɗaya ina koyar da abin nan,
na san cewa,
na san cewa,
ban samu abin ɗorawa ba.

Na ba da aikin gida: jimla biyar da dass.
Washegari na zauna da jan biro a kan tabarma.
Mu'awiya ya sa aikatau a tsakiya, na mayar masa baya.
Su Najwa duk sun rubuta kommt, kommt, kommt,
kamar sun haɗa baki.
Ikhlas jimla ɗaya ta yi.
Ich hoffe dass mein Bruder am Dienstag
sai fili, faɗin yatsa uku, ba aya.

Na daɗe da biron a sama.
Ta manta waƙafi kafin dass,
Jamusawa ba sa yafe wannan.
Na sa mata shi.
Filin ban taɓa ba.